Bod Ukun da Suka Ƙone a Ajin 'Yarka

Zuwa ga Yayana, kuma malamina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Yau shekara tara da wata huɗu ke nan rabona da gida, tun safiyar da ka raka ni tasha ka tsaya riƙe da jakata har mota ta cika. Na fara da wannan ne don ka san ina sane, ba sai an tuna mini ba. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin wadda ta dace da kai, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Allah ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana. Na ji gwiwar ta matsa mata har ta koma yin salla a kan kujera. A daina barinta tana sharar tsakar gida, ko da za ta yi faɗa, kuma na san za ta yi. Na ji kuma matar Auta ta sauka lafiya, Allah ya raya, ya sa mai jin ƙan iyaye ne. An ce jaririn ya ɗauko kunnuwana. A ba shi haƙuri, ba da gangan na yi ba.

Ni ma lafiya lau, alhamdu lillahi, in ban da bayan nan da ke tuna mini shekaruna kowace safiya, da idanun da suka sa na koma yawo da tabarau biyu, ɗaya na hanya ɗaya na aiki. Har yanzu ina ɗakin nan na hawa na huɗu, mu uku, ni da direban motar shara da wani mai gadi da ba ma haɗuwa sai a bakin ƙofa. Tagar tana kallon bangon wani gini, sai ka leƙa ka ɗaga kai kafin ka san ko hadari ne ko rana. Har yanzu kuma ina kamfanin nan mai haɗa na'urorin da ke sarrafa ɗakunan sanyi. Na zaɓi in rubuta maka da hannu ne saboda a waya ba ma iya magana ni da kai. Kai ka yi ta faɗa, ni in yi ta cewa to, a ajiye waya kowa da abinsa a ciki. Takarda kuwa ba ta jin nauyinka yadda nake ji.

Saƙonka na murya ya iso, na saurare shi sau uku. Ka ce 'yarka ta jawo maka abin kunya. Ka ce wata bakwai kacal da ɗaukarta koyarwa a sashen lantarki da kake shugabanta, ta buɗe kabad ɗin ɗakin gwaji ta kwaso bod ashirin ɗin nan da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta ba makaranta shekara shida da suka wuce, ta yage ledojinsu, ta raba wa ɗalibai, kafin zango ya ƙare uku sun ƙone. Mai binciken kaya ya zo ya ƙirga ya samu sha bakwai. Ka ce kwamiti zai zauna ranar ashirin ga watan gobe, kuma tunda har yanzu tana cikin shekarar gwaji, in ba ta rubuta takardar ban haƙuri da alkawarin komawa tsohon tsari ba, ba za a tabbatar mata da aikin ba. Ka ce in yi mata magana, tunda ni na haife ta. Yaya, haihuwa dai na yi. Tana da shekara sha biyar na bar maka ita. Kai ka kai ta jarrabawa, kai ka zauna a kanta da ta yi zazzaɓi, kai ma ka laƙaba mata Donme tun tana ƙarama saboda ba a gama magana a gabanta ba ta tambayi dalili ba. Yau Donme ta tambayi don me ake kulle kayan koyo, sai ta zama tawa?

In Inna ta tambayi mene ne wannan bod da ake ta rigima a kansa, ka ce mata wani ɗan falle ne da bai kai tafin hannunta ba. A tsakiyarsa akwai wata 'yar baƙar ƙwaƙwalwa kamar farcen yatsa. Ana rubuta mata umarni a kwamfuta a ɗura mata, ita kuma ta riƙa aiki da shi ba gajiya. Irinta ce ke sa firji ya san ya yi sanyi ya huta, ke sa injin wanki ya san ya gama. Ka ce mata jikarta tana koya wa yara yi wa irin wannan ƙwaƙwalwa magana, kuma tana jin maganarsu.

Na kira ta kamar yadda ka ce. Ta ce ban haƙuri a kan ukun da suka ƙone za ta rubuta shi da hannunta ko sau goma ne, domin a ajinta suka ƙone. Amma alkawarin mayar da sauran cikin leda ba za ta iya ba, don ta san ba za ta cika ba, kuma ta ce in tambayi Baffanta ko shi ya koya mata sa hannu a kan abin da ta san ƙarya ne. To na tambaye ka. Ni kuma ga tawa amsar tun yanzu, don kada ka yi ta nemanta a ƙarshen takarda: ba zan sa ta yi wannan alkawari ba. Ka yi haƙuri ka karanta dalilina, domin akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa a gida ba.

Ka tuna abin da muke kira ranar aikin hannu a zamaninmu, lokacin kana sabon malami mai riƙe da mabuɗin kabad a igiyar wuya, ni kuma ina layin gaba a ajinka. Bod ɗaya makaranta ke da shi. Sai ka fito da shi cikin ledarsa, ka ɗaga mu gani, sannan ka miƙa wa na farko, ya riƙe da hannu biyu, ya ɗan juya shi, ya miƙa wa na kusa da shi, har ya zagaye aji ya dawo hannunka ka mayar ka kulle. Kamar jariri a hannun 'yan barka. Har wani ɗan ajinmu, Dogo, ya taɓa tambayarka ko an riga an sa masa suna, ka kore shi waje ya yi tsayuwar awa guda a rana. Umarni kuwa a takarda muke rubutawa. A ja layi da rula a gefe, a sa kwanan wata, a ja masa layi biyu a ƙasa. Kai kuma ka tafi da su gida ka bi su layi layi da jan biro, kai ne ƙwaƙwalwar, kai ne injin. Shekara uku na yi a haka, na fita na ɗaya a aji. Na yi shekaru ina gyaran rediyo da talabijin a rumfata, takardar shaidata tana cikin gilashi a bango, ban taɓa zargin akwai abin da ya rage mata ba.

Ranar da na zo neman aiki a wannan kamfani, aka kai ni wurin shugabar sashe, wata gajeriyar mata mai furfura da kowa ke kira Injiniya. Ta duba takardata ta gyaɗa kai. Ta ajiye mini bod da kebul da kwamfuta a kan tebur, ta ce ga 'yar fitila nan a jikin bod ɗin, in sa ta riƙa ƙiftawa sau ɗaya a kowace daƙiƙa, ta ba ni rabin awa, ta fita. Wallahi Yaya daɗi na ji, don wannan tambaya ce ta ajin farko. Na nemi farar takarda, na ciro rula daga aljihu, na ja layi a gefe, na sa kwanan wata, na rubuta umarnin tsaf da irin rubutun da kake ba wa goma bisa goma. Cikin minti ashirin na gama, na naɗe hannu ina jira. Da ta dawo na miƙe na miƙa mata takardar da hannu biyu. Ta karanta har ƙarshe. Ta ce babu kuskure ko ɗaya, kuma ta daɗe ba ta ga rubutu mai kyau haka ba. Sannan ta nuna bod ɗin da yatsa ta ce amma fitilar ba ta ƙiftawa. Sai a lokacin na kalle shi. Ko kebul ɗin ban kwance ba. Ban san ta wace ƙofa umarni ke bi daga hannun mutum ya shiga cikin ƙwaƙwalwar ba. Don in rufe kunya na tambaya ina fitilar da ake haska wa ƙwaƙwalwa ta goge kafin a sake rubuta mata, kamar yadda littafinmu ya ce. Injiniya ba ta ma gane ba. Wani tsoho mai kula da sito da ke wucewa da kwali shi ya tsaya ya ce rabonsa da ganin irin wannan fitilar tun yana da gashi a kai.

Ba su kore ni ba, gaskiya. Sun ba ni aikin fere bakin waya da kwance kwalayen kayan da aka maido. Na rubuto muku na ce na samu aikin injiniya. Shekara huɗu ina fere waya, Yaya, ni da na fita na ɗaya. A cikin shekarun nan na zage ka a raina ba sau ɗaya ba, Allah ya yafe mini, kai ma ka yafe. Ina da shekara arba'in da ɗaya na fara ganin fitila ta ƙifta da umarnin da na rubuta da kaina, a lokacin hutun cin abinci, bayan na yi wata biyu ina bin sa'o'in ƙannena ina roƙon su nuna mini inda ake dannawa. Da ta ƙifta na rasa wanda zan gaya wa. Na zauna ina kallonta har shayina ya huce.

Amma ba zan ci haƙƙinka ba, don ba ƙarshen labarin ke nan ba. A shekarata ta biyar wasu na'urorinmu suka riƙa dawowa daga wurin masu saye, wai suna aiki lafiya sai rana ɗaya su sandare, kayan mutane su lalace a ɗakin sanyi. Injiniyoyin saman bene suka yi wata uku suna canza wannan suna canza wancan. Ni da ke kwance kwalayen, ni nake kwafe kwanan watan da ke jikin kowace, sai na lura duk wadda ta dawo, tsakanin ranar kunna ta da ranar sandarewarta mako bakwai ne, ba ya kaiwa takwas. Na ɗauki fensir. Na tuna yadda kake sa mu ninka biyu sau biyu har sai hannu ya gaji, kana cewa kowane ma'aji yana da baki, wanda bai san inda bakin yake ba zai zubar. Agogon cikin ƙwaƙwalwar yana ƙirga lokaci, sau dubu a kowace daƙiƙa, a gurbi talatin da biyu. Na ninka da hannu, ya ba ni kwana arba'in da tara da awa sha bakwai, daga nan ma'ajin ya cika ya koma sifili, na'ura ta rikice ta tsaya jiran lokacin da ya riga ya wuce. Na ja layi da rula, na sa kwanan wata, na kai wa Injiniya. Ta fara karantawa a tsaye, ta ƙarasa a zaune. Ta tambaye ni wa ya koya mini wannan irin lissafi, na ce yayana. A makon aka mayar da ni teburin gyara, inda nake har yau. Ka ga ke nan abin da ka ba ni zinariya ne. Laifin kawai, ka ba ni ita a cikin akwatin da ba ka ba ni mabuɗinsa ba, sai da na yi shekara huɗu ina fasa shi da haƙori.

Don haka in ka ce tushe ne farko, na yarda. In ka ce waɗannan sababbin bod ɗin kowace shekara biyu ana sake su, kuma yaron da bai iya komai ba sai kwafo aikin wasu ya danna ba ma'aikaci ba ne, na yarda, don ina zaune da irinsu, in abu ya ƙi sai su kashe su kunna su yi ta kallon sama. In ka ce jarrabawa har gobe a takarda ake yin ta, wannan ma gaskiya ne, kuma na gaya wa 'yarka kada ta kuskura ta bar yaran mutane su faɗi don tana son burge ni. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce tushe da aikin hannu ba sa zama a aji ɗaya. Na tambaye ta me take koyarwa, ta lissafa mini. Kowane ɗalibi yana rubuta umarninsa ya ɗura da kansa. Suna ajiye kowane gyara da tarihinsa, yadda in mutum ya ɓata zai koma inda ya baro lafiya. Ba mai ɗura nasa sai abokinsa ya karanta ya yarda. Suna tsayar da ƙwaƙwalwa tana tsakiyar aiki su leƙa su ga abin da take riƙe da shi. Yaya, haka ake yi a saman benen kamfaninmu, inda ni har yau sai an kira ni nake hawa. Ita a littattafai da bidiyo ta koya, da kwamfutar aro.

Ta turo mini wani bidiyo, ban sani ba ko ta nuna maka, in ba ta nuna ba ka ce ta nuna. Tankin ruwan bayan ɗakin gwaji ne, wanda tun muna ɗalibai yake ambaliya saboda ana mantawa a kashe famfo, har gansakuka ta cinye bangon. Ɗalibanta sun ɗaura bod a cikin robar sabulu, sun zura wayoyi biyu cikin tankin. Ana jin injin yana ƙara, ruwa yana hawa, yara kusan talatin sun yi tsit sun ɗaga kai. Sai injin ya mutu da kansa. Ihun da suka yi sai da wayata ta yi rawa a hannuna. Wata yarinya mai tabarau tana tsalle tana cewa layin da ya kashe shi ita ta rubuta, wani yana ce mata ƙarya take, nata layin ai tankin maƙwabta zai kashe. Ita kuma Malama tana gefe da alli a hannu tana ƙoƙarin ɗaure fuska irin taka, abin ya ƙi. Na nuna wa direban shara, na nuna wa mai gadi a bakin ƙofa, na nuna wa tsohon mai sito sau biyu har ya ce ai ya gani jiya. Na nuna wa Injiniya, ta ce in gaya wa malamar ta sa wa robar rufi kafin ruwan sama ya shiga. Daga bakinta wannan yabo ne babba. Na daɗe ban taka titi ina jin ƙafata tana taɓa ƙasa da ƙarfi kamar ranar ba.

Kada ka ɗauka na shafa mata mai kawai. Na tambaye ta yadda ukun suka ƙone, ta yi ta kewaye, na ce ta faɗa mini kai tsaye. Ashe batirin mota suka jona wa bod kai tsaye, wutar da ta ninka abin da yake ɗauka kusan sau huɗu, kuma ba rana ɗaya ba, sau uku a mako daban daban. Na ce mata na farko kuskuren ɗalibi ne, na biyu tsautsayi, na uku kuwa nata ne, ba na kowa ba. Na yi mata faɗan da ban taɓa yi mata ba, har na ji muryarta ta canza. Sai ta tambaye ni Baffa yaya yake yi da ba a taɓa ƙona masa komai ba a ajin wayarin. Na ce mata ka'idarka: ba hannun da ke taɓa makunni sai an ɗora mita, an faɗi lambar da ƙarfi kowa ya ji, wani ya maimaita. Auna, faɗa, sannan kunna. Har yau ni kaɗai ne a teburin gyara nake faɗin lamba da baki, suna yi mini dariya, amma ni kaɗai ne kuma ban taɓa tayar da hayaƙi ba. Wannan abin yana hannunka, ofishinka da ajinta taku ashirin ne, ba ta samu ba. Ita tana jin nauyin tambayarka, kai kana jiran ta zo. Ku biyun nan Inna ce kawai ta iya da ku.

Na san abin da ke kanka. Saura shekara biyu ka ajiye aiki, kuma shekara talatin da ɗaya ko sukudireba ba ta taɓa ɓata a hannunka ba. Na tuna yadda aka yi wa tsohon shugaban sashe a kan mita ɗaya da ta yi ƙafa, yadda ya fita da kwalinsa ba wanda ya raka shi ƙofa, kuma na san kana wurin. Na san kuma akwai masu jira ka buɗe baki a kwamiti su ce ai 'yar ƙaninsa ce. Duk wannan gaskiya ne, ban raina shi ba. Amma akwai wani abu a ƙarƙashinsa, kuma in ban faɗa ba babu mai faɗa maka. Yaya, kai ma ba ka taɓa ɗura umarni a cikin waɗannan bod ɗin ba. Ba laifinka ba ne, kai ma a leda aka miƙa maka. Shekara shida suna kabad ɗinka, kuma ina jin ba tsoron mai bincike kaɗai ya riƙe mabuɗin ba, har da tsoron ranar da ɗalibi zai ɗaga hannu ya ce Malam nawa ya ƙi, ka zo ka tsaya a kansa ba ka san inda ake dannawa ba. Na san wannan tsayuwar. Na yi ta a gaban baƙi, a ƙasar da ba tawa ba, da rula a aljihu. Kai kuwa kana da wadda za ta nuna maka a cikin ɗakinka, ƙofa a rufe, ba mai ji ba mai gani, kuma har abada ba za ta faɗa wa kowa ba. Yini ɗaya ya ishe ka, don kai lissafin yana kanka tun kafin a haife ta. In na wuce gona da iri ka yafe mini, nisa ne ya ba ni baki.

Ba na roƙonka ka kare ta don 'yarka ce. In kwamiti ya ga a rubuta mata gargaɗi a kan ukun nan, a rubuta, ta cancanta, ni ma zan sa hannu in ana bukata. Abin da nake roƙo shi ne kada a sa ta zaɓa tsakanin aikinta da buɗe kabad, domin na san wanda za ta zaɓa, kuma makarantar ce za ta yi asara, ita wani wuri zai ɗauke ta, wataƙila nesa, kamar ni. Mutum ɗaya ya isa a gidanmu. Ka shiga ajinta makon farko na kowane zango ka koya musu awo da ninka biyu da hannu, ita ta karɓa daga nan. Yaran da suka bi ta hannunku ku biyu, ba wanda zai ajiye musu bod a tebur su nemi farar takarda.

Wani abokin aikinmu zai zo gida ganin mahaifiyarsa ranar goma ga watan gobe, na ba shi kwali ɗaya da lambar wayarka. A nan in sabon samfuri ya fito, injiniyoyin saman bene sukan watsa tsofaffin bod ɗinsu na gwaji a kwandon kayan da za a niƙe, wasu ƙafa ɗaya ce kawai ta karye. Shekara uku ke nan ina tsince su, da izinin Injiniya da takardar mai sito, tana cikin kwalin don kada wani ya ce satowa na yi. Ina gyara su da dalma a hutun rana, ɗaya bayan ɗaya. Da nufina in na dawo in buɗe ɗan aji a tsohuwar rumfata. Amma dawowar nan kullum tana shekara mai zuwa, yaran kuwa yanzu suke aji. Sunanka na rubuta a kan kwalin, ba nata ba. Zai iso hannunka kwana goma kafin zaman kwamiti. Abin da za ka yi da shi, da abin da za ka faɗa a can, na bar maka, kai ne babba, kuma ban taɓa sanin ka da rashin adalci ba ko a ranar da na fi jin haushinka.

Ka gaishe mini da Inna, ka ce ta ci gaba da sa ni a addu'a, ita ce jarina. Ka gai da maiɗakinka, wadda ta riƙe mini 'ya ba ta taɓa nuna mata bambanci ba, Allah ya saka mata da Aljanna. Ka gai da Gwaggo da Kawu Mai Keke, da Auta da maijego da mai kunnuwa, da yaranka duka har ƙaramar da ba ta san ni ba sai a hoto. In ka haɗu da Dogo ka ce masa har yanzu ba a sa sunan ba. Donme kuwa kada ka gaishe ta, ka kira ta ka zaunar da ita.

Ni ne ƙaninka, ɗalibinka na layin gaba.

Ga abin da ke cikin kwalin, ka duba a gaban mai kawowa. Gida ban gina ba, mota ban saya ba, abin da na iya tarawa ke nan: bod ashirin da shida, duka na gwada su suna aiki. Kebul talatin. Mita huɗu, ɗaya gilashinta ya tsage amma tana faɗin gaskiya. Na'urar auna zafi sha biyu. 'Yan fitilu cikin gwangwanin shayi, ban ƙirga ba. Uku daga cikin bod ɗin na kabad ne, su cika wa mai bincike ashirin ɗinsa. Sauran ashirin da uku na ɗalibai ne, na ƙonawa.